Yarona ba ya barin kuka daga Magariba, an ce nonona ne

Assalamu alaikum. Ni mai jego ce, haihuwar fari, ina wanka a gidanmu a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Miga. Yau kwanan yarona 24. Da rana lafiya lau, ya sha nono ya yi barcinsa. Amma da an kira Magariba sai ya fara tsala kuka, yana banƙarewa yana naɗe ƙafafu, wani lokaci har sha ɗayan dare. In na ba shi nono ya kama ya saki. Innata ta ce ciwon ciki ne, a ɗura masa bauri. Uwar mijina ta aiko cewa nonona ne ba shi da kyau, kuma laifinmu ne da ba a cire masa belu ba ranar suna. Maigidana ya sayo wani ruwan magani a kemis. Ni na rasa ta wa zan bi, har ni ma kukan nake yi.

Mai jego daga Miga

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki. Allah ya raya shi, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Kafin a zo kan bauri da belu, a fara raba kukan mai lafiya da kukan mara lafiya, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Yaron da ke tsala ihu da ƙarfinsa da dare, amma da rana ya tsotsi nono sosai, ya jiƙa tsumma, ya yi barci, ba shi ne ya fi tayar mana da hankali a asibiti ba. Wanda muke tsoro shi ne wanda ya yi laƙwas, kukansa ya koma ƙasa-ƙasa kamar nishi, ko ya koma wata siririyar ƙara mai tsini da ba ki saba ji ba, kuma aka ba shi nono ya ƙi kamawa sam.

Gobe da safe, lokacin da yake kwance shiru, ki buɗe masa ƙirji ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur da agogon waya. In ya kai 60 ko ya wuce, ki sake ƙirgawa. In ya sake kaiwa, asibiti. Ki duba ƙasan haƙarƙarinsa, ko yana lotsawa ciki sosai in ya ja numfashi. In akwai ma'aunin zafin jiki a gidan ko a maƙwabta, a sa masa a hammata: 37.5 zuwa sama zazzaɓi ne, ƙasa da 35.5 kuma sanyi ya kama shi, dukkansu a jaririn da bai kai wata biyu ba abin gaggawa ne. In babu ma'auni, ki taɓa cikinsa da bayan hannunki, ki taɓa tafin ƙafarsa. Ciki da ƙafa duk sun yi sanyi, ko ciki ya yi zafi rau, kada a jira wayewar gari. Haka nan taune-taune ko fizgar hannu da ƙafa da kafewar ido, ko maɗiga ta kumbura ta yi tauri alhali ba kuka yake ba, ko amai kore, ko jini a kashi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko cibiya ta yi ja tana ruwa tana wari, ko ciwon shawara ya sauko har tafin hannu da tafin ƙafa sun yi ɗorawa. In kuwa jiki ya sandare, baki ya ƙi buɗuwa ya kama nono, wannan ciwon sarƙewar haƙora ake zargi, wanda ke shiga ta cibiya ko ta askar wanzami. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a nemi abin hawa ko da tsakar dare ne. Daga Miga, babban asibitin Jahun na kusa da ku, kuma akwai sashen jarirai, inda ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ke aiki tun 2008. A hanya ki rungume shi a ƙirjinki cikin zani, kina ba shi nono in yana karɓa.

In kin duba ba ki ga ko ɗaya ba, to abin da kika kwatanta sananne ne. Kukan jarirai yana da lokacinsa: yakan fara yawa daga mako na 2, ya kai maƙura wajen mako na 6, wato daidai lokacin da kike shirin yin arba'in, sannan ya riƙa ja baya har ya lafa tsakanin wata 3 da 4. Kuma da yamma zuwa dare ya fi zuwa. Tun 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya sa masa ma'aunin da har yanzu ake ambata: kukan awa 3 a rana, kwana 3 a mako, tsawon mako 3, a yaron da ke cin gaba da girma lafiya. Kusan ɗaya cikin jarirai biyar na yin haka, na birni da na ƙauye, masu shan nono da masu shan madarar gwangwani. Naɗe ƙafa da banƙarewa da tusa, da ake cewa shaidar ciwon ciki ne, yawanci kukan ne ke jawo su, don mai kuka yana haɗiyar iska yana ɗaure ciki. Ina gaya miki wannan ne don ki san cewa nan da mako biyu ko uku abin zai iya ƙaruwa kafin ya ragu, kada ranar a ce ai ga shi nan, ƙin ba shi bauri ne ya jawo.

Yanzu batun nono, wanda shi ne ya fi ci miki rai. Babu nonon uwa da ke lalacewa ya zama guba ga ɗanta. Gwajin da ake yi na tatsa a jefa tururuwa a ciki ba ya nuna komai. Hanyar sanin ko nono yana isarsa a tsummansa take: ki ƙirga daga safiya zuwa safiya, in ya jiƙa tsumma 6 ko fiye da fitsari mai haske marar wari, yana samu. Sai kuma sikeli. Jariri kan rage nauyi a kwanakin farko, ya maido da shi wajen kwana 10 zuwa 14, daga nan ya riƙa ƙara kamar giram 150 zuwa 200 a mako. Ki kai shi asibitin sha-ka-tafi na kusa a auna shi a rubuta a kati, a sake bayan mako biyu. Wannan katin shi ne amsar da za a kai wa uwar mijinki cikin ladabi, ba sai an yi musu ba.

Amma akwai abu biyu da ke sa yaro ya kama nono ya saki. Na farko jinkiri. Kuka shi ne alamar yunwa ta ƙarshe. Kafin nan yana mamular baki, yana kai hannu baki, yana juya kai yana lalube. In aka bari sai ya tsala ihu, harshensa ya ɗage sama, ya kasa kamawa da kyau, ya ƙara fusata. A nan kunyar ɗan fari ke yi wa yara illa. Yarinya na zaune cikin 'yan barka, ta ga yaron na neman nono, ta kau da kai don kada a ce ta cika rawar kai a kan ɗanta, sai wata babba ta ce ke ba shi mana. Kafin a kai nan ya riga ya ɓaci. Ki yi kunyar a wajen kiran sunansa in kina so, amma ban da wajen nono. Ki tashi ki shiga ɗaki da shi. Sau 8 zuwa 12 yake buƙata a yini da kwana, kuma da yamma yakan so ya sha a jere a jere, bayan kowane rabin awa. Ba ƙarewa nonon ya yi ba. Kamar rijiya yake, gwargwadon jan da ake yi gwargwadon ɓuɓɓugowarsa.

Na biyu kamu. Ki zauna ki jingina bayanki, ki juyo da shi gaba ɗaya cikinsa ya manne da naki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa a layi ɗaya, ba ya kwanta rigingine yana karkato wuya ba. Ki goga kan nonon a leɓensa na sama ki jira ya wangale baki sosai, sannan ki kawo shi ga nonon da sauri, ba ki sunkuya ki kai masa ba. In ya kama daidai za ki ga haɓarsa ta taɓa nonon, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta sama da bakinsa fiye da ta ƙasa, kumatunsa a cike, yana ja a hankali yana tsayawa kina jin haɗiya. In kan nonon kaɗai ya kama, za ki ji zafi, za ki ji ƙarar tsuke-tsuke, kan nonon ya fito a baje ko ya tsage, shi kuma ya sha iska fiye da nono. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki zare, ki sake. Kuma ki bar shi ya gama da ɗaya ya saki da kansa kafin ki juya shi, don na ƙarshen ya fi maiƙo, shi ke riƙe ciki. In nonon ya cika ya yi tauri har yana tsartuwa yana shaƙe shi, ki ɗan tatse kaɗan kafin ki ba shi, ki kuma kishingiɗa baya yana samanki.

Bayan ya sha, ki ɗora shi a kafaɗa, haɓarsa a kan tsumma, kina shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama kina ɗan bubbugawa da tafin hannu a lanƙwashe. In bai yi gyatsa ba cikin 'yan mintoci, ba dole. Ki riƙe shi a tsaye kamar minti 15 kafin ki kwantar. Ɗan tumbuɗi ba komai ba ne. Aman da ke yin tsartuwa da nisa bayan kowane sha, yaro na rama, shi ne na kai wa likita.

Idan ya ƙoshi kuma kukan bai tsaya ba, ki tuɓe shi tsirara a gaban fitila ki bi jikinsa da ido. Yatsun ƙafa da na hannu da gabansa, ko zare ko gashi ya naɗe ya shiga fata, abin da safa ke ɓoyewa. Zaren laya ko na ɗamara, ko ya matse. Matse-matsi da 'ya'yan maraina, ko akwai kumburin da ya yi tauri yana jin zafi in an taɓa, wannan kaba ce da ta maƙale, aikin gaggawa ne. Cibiyar da ke bullowa in yana kuka ta koma in ya yi shiru kuwa yawanci da kanta take rufewa, kada a ɗaure mata kwabo. Ki duba lungun wuya da hammata da ɗuwawu ko sun saɓule, ki duba shimfiɗa ko akwai cinnaka ko kuɗin cizo. Sai zafi. Muna da son jibga wa jariri kaya, riga biyu da hula da safa da shawul mai gashi a tsakiyar bazara. Ki sa hannu a bayan wuyansa, in da gumi, ki rage. Ƙarin riga ɗaya a kan yawan kayan da ke jikinki ya ishe shi, sai da hunturu a ƙara hula da safa. Kada a adana kayansa da kafur, kada a shafa masa man zafi irin su Robb. Kafur na iya fasa jinin wasu jarirai ya jawo shawara mai tsanani.

Ki lura kuma da abin da ke faruwa a gidan a daidai wannan lokaci. Hayaƙin girkin dare, kaskon turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, wani gidan har da yayyafa fiya-fiya a ɗakin da jariri ke kwana, wanda guba ce tsantsa. A fitar da su duka, gidan sauro ya wadatar. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki da hunturu kuwa yana kashe mutum yana barci. Ga kuma gajiya: jariri mai kwana 24 ba ya jure zama ido biyu fiye da kamar awa ɗaya. In ya yini yana yawo hannu-hannu, wannan ta ɗaga wannan ta yi masa wasa, kafin Magariba ya gaji ya wuce barci. Da kin ga hamma, ko yana kau da fuska, ko ya ƙura wa wuri ɗaya ido, ki karɓe shi ki shiga ɗaki ki rage haske.

Rarrashin kansa da hannu ake yinsa. Ki cire masa riga ki bar tsumma kawai, ki kwantar da shi a kan fatar ƙirjinki, kansa a juye gefe, ki rufa ku biyu da zani. Ɗumin jikinki da bugun zuciyarki ya saba da su tun yana ciki. Ko ki naɗe shi da zani marar kauri, hannayensa a ciki, amma daga ƙugu zuwa ƙasa a sake yadda zai iya lanƙwasa ƙafa, kuma a daina naɗin da zarar ya fara ƙoƙarin juyawa. Ko ki kifa shi a kan damtsenki, kansa wajen gwiwar hannunki, tafin hannunki tsakanin cinyoyinsa, kina zagaya tsakar gida kina jijjiga shi a hankali kina yi masa shshsh kusa da kunne, ko waƙar reno, ko karatu. Ko ki shafa ɗan man kaɗanya a hannu ki murza masa ciki a hankali, kina zagayawa yadda hannun agogo ke tafiya, sannan ki riƙa tura gwiwoyinsa zuwa ciki kina miƙewa, amma ba da ya gama shan nono ba. Wanka da ruwa mai ɗumi kafin Magariba na taimakon wasu, ki gwada ruwan da gwiwar hannunki tukuna. In Inna za ta goya shi, majanyi ya tallafe ƙeya, fuska a gefe, hanci a buɗe. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa, a gwada wannan daƙiƙa goma a koma wancan, yaro ya ƙara rikicewa. Ki ba kowace dabara minti biyar. Kifawa kuma ta hannu ce kawai. In barci ya ɗauke shi, rigingine za a kwantar da shi, ba matashi, ba tulin tsummoki kusa da fuska. Wani daren duk za ki yi waɗannan ya ƙi yin shiru. Ki ci gaba da riƙonsa, ba gazawarki ba ce, kuma ɗauka ba ta sangarta jariri.

Abin da ba na so ya shiga bakinsa shi ne komai in ba nono ba, har ya cika wata 6. Ko ruwa, ko a watan Afrilu, don kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. Ke za ki sha ruwan, shi a ƙara masa nono. Bauri da sauran jiƙe-jiƙe ba wanda ya san ƙarfin abin da ke ciki, ƙoda da hantar jariri ba su yi ƙwarin tace shi ba, ruwan da aka jiƙa da shi kan kawo gudawa, kuma duk cokalin da ya shiga ya tare wurin nono. Ita kanta ɗurar, a kwantar da yaro a cinya a tara ruwa a tafin hannu a toshe masa hanci, hanya ce ta tura ruwa cikin huhu. Zuma ba a ba yaron da bai shekara ba, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. In an karɓo rubutu, ke ki sha, shi a yi masa addu'a a shafa. Inna ba mugunta take nufi ba, da abin da aka rene ta take son ta reni jikanta. Ki ba ta aikin goyo da wanka da tausa, ki roƙe ta a bar ɗura.

Kwalbar da maigida ya sayo, in irin gripe water ce, yawanci ruwan zaƙi ne da man wani ganye mai ƙamshi, ba a tabbatar tana rage kuka ba. In kuwa maganin mura ne ko na sa barci irin su Piriton da Phenergan, waɗannan suna iya danne numfashin jariri. Shi ma farasitamol ba a ba ɗan ƙasa da wata biyu sai ma'aikacin lafiya ya duba shi, don yana rufe zazzaɓin da ya kamata a gani. A tuna da My Pikin, maganin fitar haƙora da ya gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda a 2008, yara aƙalla 84 suka rasu a ƙasar nan, kuma iyayensu neman sauƙi suka je yi musu. A ajiye kwalbar, a tafi da ita ranar awo a nuna.

Belu kuwa kowane ɗan Adam da shi aka halicce shi, yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya. Ba ya sa kuka, ba ya hana tsotso. Yanke shi ne ke hana tsotso, saboda ciwon da ya bari a maƙogwaro, ga zubar jini wanda jariri ba shi da rarar da zai yi asara, ga cutar da aska ke ɗaukowa daga wani yaro zuwa wani. Da ba a cire ba ranar suna, an yi daidai. Wannan magana ba ke za ki kai wa surukarki ba, ɗanta ne zai faɗa mata, don haka ki karanta masa wannan amsa ko ki sa a karanta masa.

Kin ce ke ma kukan kike yi. Rashin barci da kukan da ba ya tsayawa suna iya kai mai haƙuri bango. Duk daren da kika ji zuciyarki ta hau, ki miƙa shi ga Inna ko wata ƙanwarki, in ba kowa ki kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro ki fita tsakar gida minti goma, ki sha ruwa, ki dawo. Kukan minti goma ba zai yi masa komai ba. Girgiza shi da ƙarfi na daƙiƙa kaɗan kuwa na iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ya bar shi da makanta ko farfaɗiya ko ya kashe shi, don wuyansa bai iya riƙe kansa ba. A gaya wa duk mai ɗaukarsa, har yaran gida, kuma ban da cilla shi sama da sunan wasa. Ku raba daren, wata ta riƙe shi daga Isha ki samu barcin awa biyu, in ya nemi nono a kawo miki. In kuma kika ga baƙin ciki ya zauna miki fiye da mako biyu, ba kya son abinci, ba kya son ganin yaron, ko tunanin cutar da kanki na zuwa miki, ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti ƙarara, ciwo ne da ke kama masu jego kuma ana maganinsa. Kunun kanwa a sassauta, ruwan wanka kada ya kai na ƙuna. Kumburin ƙafa da haki da kasa kwanciya sai a zaune, alamun ciwon zuciyar bayan haihuwa ne, ba na jira a gama arba'in ba.

Tun da a gidanku kike, maigida na wani gari, ku yi magana tun yanzu ya ba ki izini a tsaye cewa in an ga ɗaya daga alamun nan a wuce asibiti ba sai an neme shi a waya ba. Ya bar kuɗin mota a hannun Inna, a ajiye lambar mai babur ko direban da zai tashi da dare. Ki duba katin yaron ko an yi masa allurar BCG ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna na haihuwa, in ba a yi ba ki kai shi wannan makon su ga wadda za a iya yi. Riga-kafi na gaba yana mako na 6, sai na 10, sai na 14. Bayan allurar yakan yi ƙananan rigima da ɗumin jiki kwana ɗaya ko biyu, cinyar ta ɗan kumbura. Ki yawaita ba shi nono, ki ɗora tsumma mai sanyi a wurin, kada a gasa, kada a murza. In ɗumin ya wuce kwana biyu, ko ya ƙi nono, ki mayar da shi su duba.